Binciken Baffa Balarabe

Jama'a, sannunku da haƙuri. Na ga saƙonninku, har da mai cewa, "Najiba, ko an ɗaura ne kika ɓoye mana?" Wane ɗauri ana zaune ƙalau! Ku dai gyara zama, don abin da zan ba ku yau ni kaina idan na tuna ban san ko dariya zan yi ko kuka ba.

Wanda yau ya fara shigowa, sunana Najiba, 'yar Birnin Kudu ce, ina shekarar ƙarshe a makarantar koyon aikin lafiya. Mai nemana sunansa Munzali, mutumin Farin Dutse, amma a cikin Gwaram yake aiki, a ofishin wani kamfanin iri da taki. Shi ne mai kwamfutar ofishin. Duk manomin da ya zo, sai ya shigar da sunansa da girman gonarsa kafin a ba shi buhu. Magabatansa sun zo gaisuwa, Baba ya karɓe su hannu bibbiyu, ya ce su ba shi lokaci a yi bincike kamar yadda aka saba.

Sharaɗin Baba guda ɗaya ne, kuma kaf unguwarmu babu wanda bai san shi ba. Ba ya tambayar mota, ba ya tambayar yawan akwati. Cewa yake, "Ba na ba da 'ya ga wanda ba ya riƙe aikinsa. Ko faskare yake yi, in dai ya riƙe, na ba shi." To ku riƙe wannan maganar, don a kanta aurena yake tsaye.

Wanda Baba ya ɗora wa binciken shi ne ƙaninsa, Baffa Balarabe. Wayyo ni! Da na ji sunan sai na ce na shiga uku. Baffa manomi ne na gidi, mutum mai tsanani, dariyarsa ma sai da dalili. Shi ya yi binciken auren duk yayyena, kuma an san salonsa: zai sa tsohuwar riga, ya tafi garin saurayi ba sanarwa, ya zauna wurin mai shayi, ya bi sallah a masallacin unguwa, ya ja mai wanki da hira, kafin la'asar ya dawo da magana guda, ko "a ba shi" ko "a bar shi". Sau ɗaya yake zuwa. Akwai wanda ya nemi Yaya Rukayya, Baffa ya kore shi don kawai ya tarar da shi yana barci da hantsi.

Me ya tayar min da hankali? Munzali yana buga gem, wasan kwamfuta, a wurin aiki.

Kada ku yi saurin yanke masa hukunci, ku bari in yi bayani. Aikinsa da sabis ɗin intanet yake tafiya, kuma sabis ɗin ofishinsu sai ya ga dama. Wani lokaci ya ɗauke tun safe, sai azahar ya leƙo. Da rani kuwa manoman ma ba zuwa suke ba, sai ka wuni ba ka ga mutum uku ba. Shi ne ya sa wani gem a kwamfutar, kuma don abin haushi gem ɗin na noma ne. Za ka share gona, ka shuka, ka ba ruwa, ka girbe, ka sayar, ka sayi shanu da kaji. Ɗan manomi ya baro gonar ubansa a Farin Dutse ya zo yana noma a cikin gilashi! Ranar da ya fara gaya min, sai da na yi dariya har Inna ta leƙo ɗaki tana tambayar ko lafiya.

Amma yana da dokarsa, kuma ya rantse min bai taɓa karya ta ba. Ba ya buɗewa sai sabis ya ɗauke kuma babu kowa a gabansa, da ya ji takun takalmi a bakin ƙofa ya rufe. Ni ma ba zan yi bakin cewa komai ba, don lido ya taɓa cinye min makon jarrabawa sukutum, sai da na goge shi daga wayata kafin na samu kan karatuna. Na san yadda abin yake kama mutum.

Ina jin an ambaci Baffa na shige ɗaki na tura masa saƙo.

"Malam, akwai matsala. Baffa Balarabe ne zai zo bincike."

"Masha Allah. Yaushe?"

"Wa ya sani? Ba ya sanarwa. Don girman Allah ka goge gonar nan."

"In goge gona? Likita, kin san wahalar da na sha kafin na mallaki shanu?"

"Shanun ko ni, zaɓi ɗaya."

"Ke mana. Amma su ma ba su yi laifin komai ba. Zan kiyaye, wallahi."

Ranar da Baffa ya tafi, ina shara a tsakar gida ya shigo yi wa Baba sallama. Tsohuwar rigar nan ce ta saƙi mai faci a kafaɗa, da hular da ta ga jiya ta ga yau, da takalmin roba. Na durƙusa na gaishe shi, ya amsa da "lafiya" guda ɗaya ya wuce. Wunin ranar ban iya karanta ko layi ba. Littafi yana buɗe a cinyata a ƙarƙashin rumfa, kunnena yana ƙofar gida.

La'asar ta yi, babu Baffa. Sai dab da magariba ya shigo. Na yi maza na ɗauki buta kamar mai alwala, na raɓe kusa da zaure.

Baba ya ce, "To, Balarabe, yaya aka yi?"

Baffa ya yi gyaran murya. "Yaya, akwai sauran bincike."

Saura kaɗan butar ta suɓuce min. Sauran bincike? A bakin Baffa?

Bayan kwana biyu ya sake komawa. Ya dawo, akwai sauran bincike. Ya kuma komawa. Tun ina ƙirgawa har na daina. Wani abin mamaki, tsohuwar rigar ta ɓace, yanzu shadda ruwan toka yake sawa, har da tabaron karatunsa a aljihun gaba. Kuma ba ya dawowa da fuskar wanda ya gano mugun abu. Rannan ma da kunnena na ji shi yana 'yar waƙa ƙasa-ƙasa yana cire takalmi.

Inna dai, da yake Baffa ƙanin mijinta ne, akwai wasa tsakaninsu, ba ta raga masa. Yana shigowa ta ce, "A'a, Balarabe, wannan bincike ne ko kai ma ka ga wata ne a Gwaram? Faɗa mana mu fara tanadin goro."

Ya ce, "Ke dai ba ki san aikin maza ba. Aure ba abin gaggawa ba ne."

Matarsa kuwa, Baba Turai, ta zo gidanmu da ƙorafi cike da baki. Ta zauna a tabarma tana tsinkar zogale tare da Inna tana faɗa. "Ga bazara ta ƙare, hadari ya fara haɗuwa, kowa ya kai taki gona, namu yana nan jibge a ƙofar gida. Sharar gonar ma yara ya bar wa. Mutumin da ko zazzaɓi ba ya hana shi zuwa gona! Wai me yaron nan ya aikata ne da har yanzu ba a gama tono shi ba?"

Ta faɗa tana kallona. Wallahi sai na ji kunya kamar ni na aike shi. Daga ranar dangi suka sa ni a gaba. Wannan ta ce tunda Baffa ya daɗe haka akwai lauje cikin naɗi, waccan ta ce in fara cire rai tun da wuri, ga ɗan wane yana nan yana jira.

Na tambayi Munzali, shi ma sai kwana-kwana.

"Baffa yana zuwa wurinka?"

"Yana zuwa. Mutumin kirki ne wallahi."

"Me yake tambayarka?"

"Harkar noma dai."

"Harkar noma kullum? Munzali, me kuke ɓoye min?"

Sai ya turo min fuskar nan mai dariya da hawaye, ya ce sabis ya dawo, zai koma aiki.

Ku da kuka san ni kun san ba na iya kwana da tambaya a ciki. Abin ya tsaya min a rai, in ina cin abinci shi, in ina karatu shi. Na ce to, tunda mai bincike ya ƙi gamawa, bari ni ma in binciki mai binciken.

Ina da 'yar gwaggo a Gwaram, Khuzaima, tana aure a can, ga ta da tsohon ciki. Na ce wa Inna zan je dubo ta. Inna ta ƙulla min daddawa da kuka da ɗan man shanu a kwalba, ta ce in dawo kafin la'asar. Na jira ranar da na ga Baffa ya wuce tasha da shaddarsa, na ba shi tazarar mota ɗaya. Atamfata koriya mai zanen ganye na sa, na ɗora dogon hijabi ruwan ƙasa na Inna wanda babu wanda ya san ni da shi, na ƙara da takunkumin fuska irin namu na asibiti.

Khuzaima tana jin abin da ya kawo ni ta ce, "Ai ko naƙuda nake sai na raka ki." Ta jawo mayafi, muka fita tana tafiya tana dafa ƙugu.

Ofishin ɗaki ɗaya ne da rumfar kwano a gaba, buhunan taki jere a gefe, da taga mai ƙarfuna ta ɓangaren lungu. Babu kowa a rumfar sai awaki biyu. Muka zagaya ta lungun, na ɗaga ƙafa na leƙa.

Jama'a. Innalillahi.

Baffa Balarabe ne zaune a kujerar Munzali, kujerar nan mai juyawa. Ya tura hula ƙeya, tabarau a ƙarshen hanci, ya naɗe hannun shadda har gwiwar hannu, ya damƙi linzamin kwamfutar da hannu biyu kamar za a ƙwace masa. Munzali kuma yana tsaye a gefensa, hannu a baya, kai a sunkuye.

Baffa yana cewa, "Kai, wannan Bature bai san noma ba! Ina aka taɓa shuka masara a girbe ba a yi mata noman farko ba? To ina ciyawar ta tafi?"

"Haka suka tsara shi, Baffa."

"Tsarin banza. Kawo min wurin kajin nan in gani ko sun yi ƙwai. Yauwa! Ka gani? Na gaya maka a matso da su kusa da rijiya. Da ka bi shawarata tun farko da yanzu mun sayi tarakta."

Sai ga Baffa yana dariya. Dariya har da buga cinya! Ni tunda aka haife ni ban taɓa ganin dasashinsa ba sai ranar. Khuzaima ta ture ni ta leƙa, ta toshe baki da mayafi, ta zame ta zauna a kan wani dutse tana riƙe ciki, hawaye yana zubo mata. Na ce, "Ke, rufa min asiri, kada ki haihu a lungun mutane." Da ƙyar na ja ta muka bar wurin.

Ina komawa gida na kira shi. Na ce, "Na gan ku." Sai ya fashe da dariya ya ba ni labarin tun daga tushe.

Ashe ranar farko Baffa shiga ya yi a matsayin manomi mai tambayar kuɗin iri. Munzali bai san fuskarsa ba, don ranar gaisuwa Baffa yana wurin jana'iza. Yana jin taku ya rufe gem ɗin kamar yadda ya saba, amma ya manta bai kashe sauti ba. Suna cikin magana sai saniya ta yi kuka daga cikin kwamfuta. Baffa ya waiga hagu, ya waiga dama, ya ce, "Yaro, ina saniya a ofis?" Munzali ba ya iya ƙarya, sai ya buɗe ya nuna masa. Baffa ya daɗe yana kallo, fuska a murtuke, can ya ce, "Wane mahaukaci ne ya cunkushe masara haka? Tashi in gyara maka." Sai da aka kira la'asar ya ɗago, sannan ya faɗa masa ko shi wane ne.

Na ce, "To yanzu ya ake ciki? Ya yarda da kai?"

"Ai ba mu taɓa maganar ba. Da ya zo sai gona."

"In manomi ya shigo fa?"

"Sai in ce ya ɗan jira, in Baffa ya tashi sallah in shigar da shi. Yanzu ai babu mutane sosai."

"Ka ce masa ya tashi mana!"

Ya ce, "Najiba, ki ji abin da kike faɗa. Baffanki ne. Shi zai ba da ke. Da wane bakin zan ce masa tashi?"

A lokacin dariya na yi, har ina tsokanarsa wai ya samu abokin noma. Ban hango abin da yake tafe ba.

A makon ne aka yi ruwan farko, ruwa mai kyau wanda ya jiƙa ƙasa sosai. Washegari garin kowa ya fita da sungumi. Kun san ina Baffa ya nufa? Ya miƙa wa 'ya'yansa irin gero, ya ce su fara yana zuwa, ya hau motar Gwaram. Ranar shuka fa! Baba Turai har da kukanta.

Ina ɗakin karatu a makaranta, wayata ta yi ƙara. Saƙon murya ne daga Khuzaima, dogo. Na fita bayan aji na kara a kunne.

"Najiba, kina ina? Wallahi an yi abin kunya. Maigidana yana wurin, shi ya ba ni labari. Manoma ne suka cika ofishin su Munzali tun safe, daga Fagam, daga Basirka, kowa yana son iri ya koma ya shuka kafin ƙasa ta bushe. Sabis kuma lafiya lau. Baffa yana kan kujera. Munzali sai zagaye shi yake, ya ce, Baffa ko a kawo ruwa? Baffa ko za a ɗan sha iska a rumfa? Shi kuma sai ya ce bari in ƙarasa girbin nan. Mutane suka fara hayaniya, wani dattijo ya ce shi tun asuba ya baro gida. Ana cikin haka sai ga manajansu daga Dutse ya zo duba rabon iri. Ya kutsa ya shiga, ya tarar da layi har titi, ga wani bawan Allah yana kiwon kaji a kwamfutar kamfani. Ya ce wane ne wannan? Munzali ya ce, ranka ya daɗe, baƙona ne, ni na zaunar da shi, laifina ne. A gaban kowa manaja ya karɓi makulli, ya ce ya dakatar da shi sai abin da hali ya yi. Baffa kuwa ko uffan, ya lallaɓa ya ɗauki takalminsa ya fice."

Na saurara na sake saurara, na zauna a kan wani dakali. Tsoro ne ya fara kama ni, sannan haushi ya biyo baya, haushin da ban san wa zan ɗora wa ba.

Na kira shi. Muryarsa a sanyaye, amma wai har yana ƙoƙarin yi min wasa.

"Likita, an ba ni hutu."

"Kada ka raina min hankali, Khuzaima ta gaya min komai. Me ya sa ba ka faɗa wa manajan gaskiya ba?"

"Ai gaskiyar na faɗa. Wa ya sa gem a kwamfutar aiki? Ni ne. Da ban sa ba, da Baffa bai gani ba."

"Amma kai ba ka taɓa barin mutum a tsaye kana wasa ba!"

"Yau na bari. Ko ba hannuna ne a kai ba, ofishina ne." Ya ja numfashi. "Abu ɗaya nake roƙonki. Kada ki faɗa a gida. Dattijo ne, yana da iyali, yana da girma a idon Baba. In aka tona shi saboda ni, ko an ba ni ke, da wane ido zan riƙa kallonsa?"

"In kuma ba a ba ka ni ba fa?"

Sai ya kauce wa tambayar. Ya ce cajin wayarsa ya kusa ƙarewa.

Baffa bai leƙo gidanmu ba sai da Baba ya aika a kira shi. Ya zo bayan la'asar, da tsohuwar rigarsa, ƙafa duk taɓon gona. Suka zauna a zaure. Inna ta zuba kunun tsamiya a kwanon sha, ta ɗora a faranti da ludayi biyu, ta ce in kai in ajiye a bakin ƙofa in dawo. Kun san al'ada, yarinya ba ta tsayawa inda ake maganar aurenta. Na kai, amma ban ajiye ba, kuma ban dawo ba. Na tsaya bayan ƙyauren da faranti a hannu.

Baba ya ce, "Balarabe, mutanen Farin Dutse sun aiko suna tambaya. Bincike dai ya isa haka. Me ka gano?"

Baffa ya gyara zama. Ya ja carbinsa, ya ce:

"To, Yaya, yaron dai yana da asali. Yana sallah a kan lokaci. Ladabi kuwa, ban taɓa ganin irinsa ba." Ya tsaya. "Sai dai an dakatar da shi daga aiki."

"Subhanallahi. Sata ya yi?"

"A'a. Wasan kwamfuta aka kama ana yi a ofishinsa, ga manoma a tsaye suna jira."

Ku ji fa, "aka kama ana yi". Bai yi ƙarya ba, bai kuma faɗi gaskiya ba. Na jira ya ƙarasa. Wallahi na jira, ina addu'a a zuci, Allah ka buɗe bakin Baffa. Bai ƙara ko kalma ba.

Baba ya numfasa. "Ranar shuka ya bar bayin Allah a tsaye yana wasa? To shi ke nan. Wanda bai riƙe amanar manomi ba, ba zai riƙe ta mace ba. Gobe zan aika a ba su haƙuri, Allah ya haɗa kowa da rabonsa."

Ban san lokacin da na tura ƙyauren ba. Roƙon Munzali yana kunnena, kunyar Baba tana kaina, amma ƙafata ta riga ta shiga. Na durƙusa na ajiye farantin da gaggawa har kunun ya fallatsa a tabarma.

Baba ya ɗaure fuska. "Ke, lafiya? Wa ya kira ki?"

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Baba, ka gafarce ni. Ina roƙon a tambayi Baffa wanda yake zaune a kujerar lokacin da manaja ya shigo."

Baba ya juya a hankali ya dubi ƙaninsa.

"Balarabe?"

Baffa ya cire hula, ya shafa kai, ya mayar, ya sake cirewa. Mutumin da duk samarin dangi suke tsoro, yau ga shi yana kallon tabarma. Sai na ji tausayinsa ya kama ni, har na fara da-na-sani.

"Ni ne, Yaya."

"Kai ne me?"

"Ni ne a kujerar. Tun zuwan farko ni ne. Gona ce a ciki, Yaya, da shanu da kaji, ka shuka yanzu ka girbe yanzu, babu fari babu tsutsa. Na ce bari in gyara masa kunya ɗaya, wallahi ban san yadda aka yi ba."

"Yaron bai ce ka tashi ba?"

"Ya yi ta yi min tayin ruwa."

"Da manajan ya tambaya, ya faɗi ko kai wane ne?"

"Bai faɗa ba. Cewa ya yi shi ya zaunar da ni."

Baba ya ce, ba tare da ya kalle ni ba, "Najiba, koma ciki. Maganar shigowarki zaure kuma za mu yi ta daga baya."

Na tashi na fita, ina zagayowa na yi karo da Inna a bayan ƙyauren, ashe ita ma tana nan da muciya a hannu. Ta ɗora yatsa a baki, ta jawo ni jikinta, muka kasa kunne tare.

Baba yana cewa, "Gobe da sassafe ka sa babbar rigarka. Za ka je gaban manajan nan ka faɗa masa abin da ka faɗa min yanzu, kalma da kalma. In an mayar da yaron aikinsa, na ba shi. In ba a mayar ba, sharaɗina yana nan, kuma kai za ka je Farin Dutse ka yi musu bayani da bakinka."

"To, Yaya."

"Kuma tare za mu tafi."

"A'a, Yaya, ai ba sai ka wahalar da kanka ba."

"Zan je. Abin da ya hana ka gona ranar shuka, ina so in gan shi da idona." Sai ya sassauta murya. "Ka ce har da shanu a ciki?"

Inna ta saki muciyar ta dafe ƙirji.

"Shi ke nan," ta ce, "babanki ma ya kamu."